Ajin yoga kyauta: to wa ke biya?

Ƴan uwa ɗaliban yaƙi da jahilci! Yau za mu koyi sabuwar kalma mai baƙaƙe huɗu: yoga.

Yoga wani irin motsa jiki ne da ya samo asali daga ƙasar Indiya tun zamanin da. Ba gudu ba ne, ba kokawa ba ce. Mutum yana miƙe jiki, ya lanƙwasa, ya tsaya haka ɗan lokaci, yana jan numfashi a hankali ta hanci. Ba ya buƙatar kaya sai tabarma da tufa mai sakewa. A shekarar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 21 ga watan Yuni ta zama ranar yoga ta duniya.

A manyan birane da yawa, ajin yoga na masu kuɗi ne. Amma akwai wani iri da ake buɗewa ga kowa, musamman ga masu farawa. Ba a biya a ƙofa. Sai dai akan aje akwati: mai hali ya saka abin da ya samu, marar hali ya shiga haka nan, ba mai kallonsa. Kuɗin akwatin nan ana kai su wajen aikin taimako.

Ga misali daga Nairobi, babban birnin Kenya. A 2006 wata mace Ba'amurkiya, Paige Elenson, ta je ƙasar yawon buɗe ido. Ta tarar da samari ƴan wasan alkafura suna tsayuwa bisa hannu, ta shiga cikinsu. A 2007 aka kafa ƙungiyar Africa Yoga Project. Ƙungiyar ta ɗauki matasa daga unguwannin talakawa, irin su Kibera, ta koya musu har suka zama malamai. Su kuma suka shiga koyarwa kyauta a unguwanninsu, da makarantu, da gidajen marayu, har da gidajen kaso.

To, malamin nan da me zai ci? Nan ne dabarar take. Mutane a ƙasashen waje suna ba da gudummawa, ana ba malaman ɗan abin sa wa bakin salati. Kuma da sana'ar da suka koya suna koyar da masu hali, a biya su. Kun ga ke nan: kuɗin mai shi ne ke buɗe wa marar shi ƙofa. Kun san irin wannan, don ajinku ma ba ku biya, amma akwai mai sayen alli da allo. A ganina, abin da ya fi akwatin amfani shi ne saurayin da ya samu aikin yi cikin unguwarsu.

Amma kalmar "taimako" tana da daɗin faɗi. In aka miƙo maka akwati, ka tambaya: kuɗin ina za su? Wa ke ƙidayawa? An rubuta? Yanzu da ka iya karatu da lissafi, kana iya neman a nuna maka takarda.

Wasu za su ce: ina batun addini? Tambayar tana bisa hanya, don yoga ta taso ne cikin ibadar Hindu. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana musulmi yoga mai haɗe da waƙe-waƙen ibada, ta bar wadda take motsa jiki zalla. Saboda haka ka san irin wadda ake yi kafin ka shimfiɗa tabarma.

Batun lafiya kuwa, yoga takan rage wa wasu ciwon baya, amma ba ta maye gurbin magani. Mai farawa ya bi sannu. In ya ji zafi ya dakata. Mace mai ciki da mai hawan jini su fara ganin likita tukuna.