Tsofaffin Madatsu da Bututun Ruwa: Abin da Ambaliyar Maiduguri Ta Tona

A daren 9 ga Satumba zuwa wayewar garin 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya kwarara cikin Maiduguri. Ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya kai har fadar Shehun Borno, kuma dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Dattawan garin ba su manta da makamanciyar wannan ambaliya ta 1994 ba, wadda ita ma daga Alau ta taso.

An kammala madatsar ne a 1986, domin noman rani da kuma shayar da birnin. Wannan aiki na biyu shi ne mutane ba su cika tunawa da shi ba sai ranar da ya tsaya. Daga Alau ake jan ruwan da matatar Maiduguri ke tacewa, don haka da madatsar ta fashe, garin da ruwa ya shanye sai ya wayi gari cikin ƙarancin ruwan sha. Rijiyoyi sun gauraya da ruwan masai da na kwata. A farkon Oktoba, gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar cutar kwalara.

Madatsa tana tsufa ta hanyar da ido ba ya saurin gani. Kowace damina kogi na kawo laka da yashi su kwanta a gindinta, sai wurin ajiyar ruwa ya riƙa raguwa. Ruwan da a da take iya riƙewa cikin sauƙi sai ya zama ya fi ƙarfinta. Idan kuma zaizaya ta ci bangon ƙasa, ko ƙofofin sakin rarar ruwa suka yi tsatsa, to damina ɗaya mai ƙarfi ta isa.

Amma tsufan da ya fi shafar talaka kullum yana ƙarƙashin titi ne, a cikin bututu. A Legas, tashar ruwa ta Iju tun 1915 aka buɗe ta. A Kano, aikin ruwa na Challawa ya faro tun farkon shekarun 1930, daga baya aka ƙara Tamburawa da Watari. An faɗaɗa waɗannan tashoshi sau da dama, sai dai garuruwan sun fi su saurin girma, kuma a tsofaffin unguwanni har yanzu akwai bututun ƙarfe da aka binne tun kafin a haifi mafi yawan masu shan ruwan.

Tsohon bututu yana yin ɓarna iri biyu. Ta farko ita ce yoyo: ruwan da aka kashe kuɗin wuta da alif da kulorin aka tace shi, sai ya zube cikin ƙasa kafin ya isa famfon kowa. Ta biyu ta fi muni, kuma ba kowa ya san ta ba. Muddin bututu a cike yake, ƙarfin ruwan da ke ciki na hana ƙazanta shiga ta wurin tsagewa. Da zarar an ɗauke ruwa, kamar yadda ake yi na kwanaki a yawancin biranenmu, sai bututun ya zama fanko, ya riƙa zuƙo duk abin da ke kewaye da shi. A unguwar da bututu ya ratsa ta cikin kwata, abin da zai zuƙo ba ɓoyayye ba ne. Shi ya sa ruwan farko da ke fitowa ranar da aka dawo da famfo yakan zo da launi da wari. Matatar ta yi aikinta, hanya ce ta ɓata shi.

Da famfo ya gaza, jama'a suka nemi mafita: mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, marar hali ya dogara da 'yan garuwa, yana sayen jarka a kan kuɗin da ya ninka abin da mai famfo ke biya. Wannan dabara ta riƙe birane shekaru da yawa, ba za a raina ta ba. Sai dai burtsatse na buƙatar wuta ko man fetur, kuma idan kowane gida ya haƙa tasa, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ƙara nisa. Ranar ambaliya kuwa, kurar ɗan garuwa ba ta iya ratsa titin da ruwa ya kai ƙugu.

Lamarin bai tsaya ga birni ɗaya ba. Maiduguri ce ta karɓi ɗimbin 'yan gudun hijira daga ƙananan hukumomin Borno a shekarun rikicin Boko Haram, kuma kasuwanninta na hulɗa da Chadi da Kamaru da Nijar. Babban asibitinta shi ne madogarar marasa lafiya daga nesa. Idan ruwan irin wannan gari ya tsaya, ƙauyukan da ke gudowa gare shi lokacin tsanani ba su da wurin zuwa.

A Nuwamba 2018 ne gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwan sha da tsaftar muhalli. Matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce kuɗin kulawa. Sabuwar tasha ana buɗe ta da biki, amma sauya bututun da ke binne ba ya jawo taro, don haka kasonsa ne ake fara yankewa a kasafi. Hukumomin ruwa na jihohi kuma ba sa samun kuɗin shiga sosai, domin mutane ba sa son biyan kuɗin ruwan da ba ya zuwa, rashin biyan kuma na ƙara hana shi zuwa.

A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi. Matatar ruwa da bututun da ke kai shi gidaje kuwa, a Borno kamar a Kano da Legas, nauyin gwamnatin jiha ne, kuma daga kasafinta kuɗin gyaransu zai fito.