Kiwon Murjani a Cikin Ɗaki: Ruwa Ya Tashi, Gishiri Ya Zauna

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutane masu yawa da ke ajiye ruwan teku a cikin akwatin gilashi a ɗakunansu, suna kiwon kifaye da murjani mai rai. Shi murjani, wanda aka fi sani a nan a matsayin dutsen ado, asalinsa 'yan ƙananan dabbobi ne na teku masu gina wa kansu gida mai tauri. Tun a shekarar 1853 aka buɗe ɗakin nuna kifaye a gidan dabbobi na Landan, amma sai a shekarun 1970 masu sha'awar abin a birnin Balin na Jamus suka daidaita hanyar raya murjani a gida.

Babbar matsalar da ke fuskantar mai irin wannan kiwo ba a ganinta da ido. Dare da rana ruwa na tashi daga akwatin ya shige iska, ya bar gishirinsa a baya, kamar dai yadda rana ke ƙafar da ruwa a ramukan Bilma har a sami kantu. Daga nan ne ɓarna iri biyu ke fitowa, ɗaya a cikin akwatin, ɗaya kuma a cikin ɗakin.

Ɓarnar cikin akwati

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, kuma da wannan ma'auni murjani ya saba. A ɗauka cewa akwati na cin lita 400, wato gishirinsa kilo 14 ke nan. In yana asarar lita 4 kullum, aka yi kwana goma ba a ƙara ruwa ba, to, gishirin zai kai kusan giram 39 a kowace lita. Ruwan da ya cika gishiri yana zuƙe ruwan jikin murjani, ya raunana shi, in abin ya daɗe ya kashe shi.

Saboda haka ruwan daɗi tsantsa ake cikawa da shi, wanda aka tace aka raba shi da sinadaran ruwan famfo. Wanda ya cika da ruwan gishiri ya ƙara wa ciwo ciwo, domin tun farko gishirin bai je ko'ina ba. Kuma kaɗan-kaɗan ake zubawa, don canji na farat ɗaya shi ma cuta ne. Akwai na'ura mai lura da tsayin ruwan, wadda ke tayar da famfo da kanta da zarar ya sauka.

Ɓarnar cikin ɗaki

Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, da tsayin mita 3, in zafinsa digiri 25 ne a ma'aunin Selshiyas, iskarsa ba ta iya riƙe fiye da lita ɗaya da 'yan kai na tururi. Ke nan lita 4 a yini sun fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. In ba su sami mafita ba, sai su koma raɓa a jikin tagogi da bango mai sanyi, musamman lokacin sanyin Turai da ake rufe gidaje ruf. Daga nan fumfuna ta kama bango, katako ya ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa.

Abin bai tsaya ga gini ba. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani cewa zama a ɗaki mai laima da fumfuna yana da alaƙa da tari da ciwon asma. Hukumar kare muhalli ta Amurka kuwa ta ba da shawarar kada laimar ɗaki ta kai kashi 60 cikin ɗari, an fi son ta tsaya tsakanin 30 da 50.

Murfi ko fanka

Mai karatu zai ce ai sai a rufe akwatin a huta. Gaskiya ne murfin gilashi na rage tashin ruwa ƙwarai, amma yana tare iskar da kifi ke shaƙa, yana rage hasken da murjani ke bukata, sa'an nan yana tara zafi. Dalili kuwa shi ne tashin ruwa na tafiya da zafi, abin da ke sa ruwan randa sanyi ke nan. Murjani na son zafin da bai wuce digiri 24 zuwa 27 ba, in ya zarce haka na tsawon lokaci sai ya kwaɗe ya yi fari. Don haka ne wasu ke kunna fanka a kan ruwan da gangan, su sami sanyi, su biya da ƙarin laima.

Masu hankali kan bi tsaka-tsaki. Sukan rufe wani sashe na akwatin, su yi amfani da fitilun da ba su da zafi sosai, su sa fankar da ke fitar da iskar ɗakin zuwa waje, in ta kama kuma su ajiye na'urar tsotse laima. Haka nan sukan goge gishirin da fantsamar ruwa ke bari a gefen akwati, domin haɗuwarsa da wayar lantarki haɗari ne.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da awo. Mai kiwo na bukatar ma'aunin gishiri a gefen akwati, da ma'aunin laima a jikin bango, ya riƙa duba su a kai a kai, domin lafiyar murjaninsa da ta iyalinsa duk a kan lita huɗun nan suka rataya.