Manyan Sunayen Turanci: Inda Ɗaliban Rano da Kibiya Za Su Kama Bakin Zaren

Duk ɗalibin sakandare a Rano ko Kibiya da ke son shiga jami'a ya san sharaɗin: kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci. A jarabawar JAMB ma, kowane fanni mutum ya zaɓa, sai ya amsa tambayoyin Turanci. Wurin da yara suka fi tuntuɓe kuwa shi ne manyan sunaye, wato kalmomin da ke nuni ga ra'ayi ko yanayi ko tsari, abin da ba a gani da ido. Su ne suka cika sashen auna fahimta da na taƙaitawa.

Yaran nan ba sanin abin suka rasa ba. Wanda ya tashi kusa da madatsar ruwa ta Tiga, da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, ya san noman rani tun kafin ya ga "irrigation" a littafi. Ya ga yadda ruwan damina ke yanka kwari a gonar mahaifinsa, ga "erosion" ke nan. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu gidan da bai ɗanɗani "subsidy" da "inflation" a farashin taki da kuɗin mota zuwa Kano ba. Aikin malami shi ne ya ɗaura sunan a jikin abin da yaro ya riga ya sani.

Mataki na farko shi ne gane yadda ake ƙera sunan. Yawancin irin waɗannan kalmomi daga Latin da Faransanci suka shigo Turanci, musamman bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Ana ɗaukar aikatau ko sifa a liƙa musu ɗafa-ƙeya: "govern" ya zama "government", "distribute" ya zama "distribution", "scarce" ya zama "scarcity". Bahaushe ma haka yake yi idan ya fitar da shugabanci daga shugaba, ko yarinta daga yaro. Wanda ya kama saiwa ɗaya ya samu kalmomi uku ko huɗu a lokaci guda.

Na biyu, akwai sunayen da Turanci ba ya yi wa jam'i. Muna cewa shawara da shawarwari, bayani da bayanai, don haka hannun ɗalibi yakan ƙara harafin "s" a ƙarshen "advice" da "information" da "equipment" da "evidence". Mai duba takarda zai ja masa jan biro nan take. Idan ana son ƙirgawa, sai a ce "a piece of advice" ko "two pieces of equipment".

Na uku, kowane suna yana da abokan tafiyarsa. A Hausa ana yanke shawara, ana cika alkawari, ana ɗaukar mataki. A Turanci kuwa "make a decision" ake cewa, da "keep a promise"; wani sunan kuma ɗan harafi ne ke bin sa, kamar "access to water". Wanda ya haddace sunan shi kaɗai, ya bar aikatau da ɗan harafin da ke bin sa, zai tsaya cak a tsakiyar insha'i.

Yawan kalmomin ma bai kai yadda ake tsoro ba. A shekarar 2000, wata malama a Jami'ar Victoria da ke Wellington, Averil Coxhead, ta fitar da jerin iyalan kalmomi 570 da suka fi yawo a littattafan manyan makarantu, kuma su kaɗai sun kai kusan kashi 10 cikin 100 na irin wannan rubutu. Ɗalibin da ya riƙe iyali biyu kullum zai gama da su kafin shekara ta zagayo.

Hanyar ba ta da tsada. A ware littafin rubutu guda, a raba kowane shafi gida huɗu: sunan, danginsa, abokan tafiyarsa, sai jimla ɗaya da ɗalibi ya ƙirƙira da kansa a kan gona ko kasuwa ko asibitin garinsu. A duba ƙamus a ga ko sunan yana karɓar jam'i. A kuma guji dogon Turancin burga, domin maki yana zuwa ne ga kalmar da ta zauna daidai a wurinta.

Malaman Turanci na Rano da Kibiya, ku rage jera kalmomi a allo don hadda, ku sa yara su riƙa gina jimla da su kowace rana. Iyaye kuma, ƙamus ɗaya a gida zai yi wa yara biyar aiki, ku daure ku saya.