Abin da ke hana sabon inji tashi a tsohuwar mota

A Amurka, masu sha'awar tsofaffin motoci kan cire injin Chevrolet ta shekarun 1960, su ɗora samfurin LS wanda General Motors ya fara fitarwa a 1997. Sau da yawa, bayan an kashe kuɗi da watanni, sai a murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa.

Galibi injin lafiyarsa ƙalau. Tsohuwar motar ce ta kasa biya masa bukata. Kafireta kan wadatu da matsin mai na psi 7, amma nozul ɗin LS na neman kusan 58, abin da ya fi ƙarfin tsohon famfo.

Sai batun wuta. Idan aka jona kwamfutar injin a wayar da ke ɗaukewa yayin da kik ke juyawa, fulogi ba zai ba da tartsatsi ba.

In kuwa injin ya tashi ya mutu cikin daƙiƙa biyu, tsarin hana sata ne: kwamfutar ta nemi saƙon motarta ta asali ta rasa, sai ta tsayar da mai har sai an sake mata saiti.

Shi ya sa ƙwararren bakanike ke auna mai da wuta kafin ya kwance ko noti ɗaya.