Kifin Da Ke Kiwo A Kan Taɓo

Kowa ya san cewa kifi in ya bar ruwa, kwanansa ya ƙare. To, amma a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, daga Senegal har Angola, akwai wani ɗan kifi da ya saɓa wa wannan ƙa'ida. Masana na kiransa Periophthalmus barbarus, kuma masanin nan na Suwidin, Linnaeus, shi ne ya fara bayyana shi a 1766. Yana cikin dangin ƙananan kifayen da ake kira gobi.

Mazauninsa shi ne taɓon bakin teku, inda ruwan kogi ke gauraya da ruwan gishiri, a ƙarƙashin itatuwan mangurof irin na yankin Neja Delta. Da zarar teku ta janye, sai ya fito kan taɓo yana farautar ƙananan ƙaguwa da ƙwari da tsutsotsi.

Gane shi ba wuya. Tsawonsa ba ya wuce santimita 25. Jikinsa launin ƙasa ne, da ɗige-ɗigen shuɗi a gefe. Idanunsa sun turo a saman kai tamkar na kwaɗo, kuma yana da fiffike biyu a gadon baya. Fikafikan ƙirjinsa masu ƙarfi ne, da su yake dogarawa ya ja jiki. In ya tsorata kuwa, sai ya lanƙwasa wutsiya ya yi tsalle.

To, ta yaya yake numfashi a sarari? Gaiwa tana da huhu, shi kuwa ba shi da shi. Yana shaƙar iskar oksijin ne ta fatarsa da kuma fatar cikin bakinsa da maƙogwaronsa. Sharaɗin dai shi ne fatar ta zauna da danshi, shi ya sa yake yawan birgima a cikin laka. A cikin lakar kuma yake haƙa ramin da yake ɓuya, a nan ne macen ke saka ƙwai.

Ke nan rayuwarsa kacokan ta rataya ne a kan taɓo mai tsabta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda malalar ɗanyen mai ta lalata dazuzzukan mangurof. Duk inda mai ya rufe taɓo, ya rufe wa wannan kifi abinci da gida da hanyar numfashi gaba ɗaya.