Hannu Ɗaya ko Biyu a Kan Caki?

A Sabo ta Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, an daɗe ana cinikin goro da shanu bisa amana: maigida ya tsaya wa baƙonsa, magana ta zauna. Banki kuwa sa hannu ya sani. Shi ya sa miji da matar da suka buɗe asusun haɗin gwiwa za su tarar da tambaya ɗaya a takardar da ake cikawa: kowannensu zai iya sa hannu shi kaɗai, ko sai duka biyun?

In sun zaɓi na farko, cakin da uwargida ta sa wa hannu ya wadatar, ko da maigida yana Arewa wajen saro kaya. Sauƙi ke nan, amma ko wanne zai iya kwashe kuɗin tas, banki ba zai ce uffan ba. In na biyu ne, caki mai hannu ɗaya dawo da shi za a yi, kuma bankuna da yawa ba sa ba irin wannan asusu katin cirar kuɗi.

Akwai masu cewa "ai matata ce", su kwaikwayi hannunta don gaggawa. A dokar Najeriya hannun jabu bai da wani ƙarfi. Wanda kuma ya ba da caki da gangan alhali babu kuɗi a asusu, wata doka ta 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara 2. Caki ya wuce wata 6, ya mutu.

Inda aka fi shan wuya shi ne rasuwa. Sa hannu izinin cirewa ne kawai, bai faɗi mai kuɗin ba. Banki na iya sakar wa wanda ya rage ragowar kuɗin, in takardar buɗe asusu ta ce haka. Malaman Sabo kuwa za su fara da tambaya: nawa ne na mamaci, nawa ne na matar? Dukiyar mace tata ce a Musulunci, ribar tuwon sayarwa ce ko kwasar adashi. A cikin ta miji, tumuni ne rabonta in akwai 'ya'ya, kuma in da amarya, tumunin nan su raba. Sunan amarya ba ya kan caki, amma tana cikin magada.