Tsohuwar bashe a ƙofar gida: aikin da ya kamata a gama kafin fenti ya hau

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da wuya mutum ya ratsa unguwa bai ga wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ajiye a ƙofar gida ba, tayoyinta sun sace, an tokare ta da duwatsu, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Wasu Fijo 404 ne ko 504, wasu kuma Toyota Hilux ta shekarun baya. A Nijar ana ce wa irin wannan mota bashe, sunan da ya samo asali daga kalmar Faransanci ta tamfol ɗin da ake rufe bayanta da shi. A tsallaken iyaka kuwa a-kori-kura ake kiran ta.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci su ne suka ciyar da gidajen da suke ajiye a ƙofarsu. Sun yi jigilar albasar Galmi, ayar Maraɗi, raken Matamaye da awakin kasuwannin ƙauye, har ranar da ƙarfinsu ko na mai su ya ƙare. Yanzu ƴaƴan gidan ne ke waiwayar su, musamman waɗanda ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Gana ko Kodebuwa, masu neman abin da za su kafa wa ƙannensu sana'a da shi.

Dalilin komawa ga tsohuwa

Shekara da shekaru, mafi yawan motocin hannu da ke shigowa Nijar ta tashar ruwan Kwatano suke biyowa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin da ya biyo baya, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Wanda jarinsa bai kai na sayen wata motar ba, dole idonsa ya koma kan wadda ke gida.

Su kuma motocin suna da abin da ya sa ake yarda da su. Fijo 404 ta fito ne a 1960, 504 ta biyo ta a 1968, kuma masana'antar harhaɗa Fijo ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000. Wannan ya sa kayan gyaranta suka yawaita daga Kofar Ruwa ta Kano zuwa garejojin Maraɗi da Damagaram. Hilux ma tun 1968 take kan hanya. Injinan tsofaffin ba su da kwamfuta, kowane bakanike na iya buɗe su ya mayar.

Sai dai akwai ramin da masu gyara ke yawan faɗawa. Da kuɗi sun iso, abin da aka fi ɗoki shi ne a ga mota tana ƙyalli. A kai ta wurin mai fenti, ya toshe ramuka, ya fesa, a ɗauki hoto a aika wa ɗan ci-rani ta WhatsApp. Damina ɗaya ko biyu, sai fenti ya fara kumbura kamar ƙuraje, tsatsa ta leƙo daga ciki. Kuɗin fenti ya tafi, kuma sai an kankare shi kafin a yi aikin da aka tsallake. Mafi yawan wahalar gyaran jikin mota tana kafin fenti ne, kuma babban kaso nata ana iya yin sa a gida.

A fara da duba ko ta cancanci gyara

Matakin farko bai buƙatar kuɗi: wanki. A wanke motar sama da ƙasa, a kankare busasshen taɓo da baƙin mai, sannan a shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma. Abin dubawa shi ne shasi, wato ƙashin bayan da komai ke zaune a kansa. Ƙarfe mai lafiya yana amsa guduma da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake, yana zubar da ɓawo. Wuraren da suka fi mutuwa su ne inda sifirin na baya ya kama shasi, da inda kan motar ya zauna. Bashen da ta shekara tana ɗaukar lodi fiye da ƙima takan tsage ko ta lanƙwashe a tsakanin kai da akwatin baya. Idan shasi ya ruɓe a wurare da yawa, gara a tsaya a yi lissafi, don fenti ba ya riƙe kaya.

A nan ne kuma ake gwada lambar shasi da wadda ke cikin takardun mota. Idan sun saɓa, ko takardun suna da sunan wanda ya rasu kuma ba a raba gado ba, a warware wannan tun kafin a kashe dala ɗaya. Gidaje da yawa sun ga yadda motar da babu mai kula ta ke zama abin rigima ranar da ta tashi.

Bayan haka sai inji, giya, birki, sitiyari da wayoyin lantarki. Duk aikin da zai sa a cire inji ko a zubar da mai, a gama shi yanzu. Man birki yana cin fenti, kuma babu bakaniken da zai sauke inji bai goga wa mota ƙarfe ba.

Inda tsatsa ke ɓuya

Busasshiyar iskar Sahel tana yi wa ƙarfe adalci, shi ya sa ake ganin mota mai shekara 40 da jikinta. Amma wadda ta yi zama a Turai takan zo da cutarta, saboda gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara. Wadda ta yi aiki a nan kuma kayan da ta ɗauka ne ke cin ta: takin zamani, gishiri, kanwa da fitsarin dabbobi duk suna ruɓar da daɓen akwatin baya. Sauran wuraren su ne ƙasan ƙofofi, ƙarƙashin tabarmar direba, mazaunin batir, bakin gilashin gaba da kewayen tayoyi, inda yashi ke taruwa ya riƙe damshi.

Don a ga waɗannan wurare, sai an kwance fitilu, bamba, madubai, hannun ƙofa, robobin gilashi da kujera. Kafin a cire kowane abu a ɗauke shi hoto da waya, a zuba notinansa cikin leda a rubuta sunansa. Aikin da aka zata na mako biyu ne yakan kai wata uku, kuma ba mai tuna inda kowace waya ta fito.

Ƙaramin mayen ƙarfe, ko da na tsohuwar lasifika ne, yana tona asirin gyaran da aka yi a baya. A naɗe shi a ƙyalle a bi jikin motar da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, an cika wurin da mastik, wato ƙullin da ake shafawa don daidaita lotsawa, kuma sau da yawa rami ne ko tsatsa a ƙarƙashinsa.

Walda kafin mastik

Tsatsa iri biyu ce. Ta sama ana goge ta da burushin ƙarfe da samfefa har farin ƙarfe ya fito. Wadda ta huda kuwa ba ta da magani sai yanka. A yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a yanko wani mai kauri ɗaya a liƙa. Wannan aikin mai walda ne, kuma ƙwararre ɗigo-ɗigo yake yi yana barin wurin ya huce, domin zafi mai yawa yana murɗe siririn ƙarfe. Bayan an gama, a shafe bayan waldar da fentin hana tsatsa, wanda aka fi sani da antiruyi, don ta nan tsatsa ke komowa.

Kafin a kunna wutar walda a cire batir, a kuma sauke tankin mai a kai shi nesa. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ya rage shi ne ke fashewa.

Lotsawa kuma da guduma ake fara fitar da ita, ana tokarawa da wani ƙarfe ta baya. Aikin mastik shi ne cike ɗan abin da ya saura, kuma bai kamata kaurinsa ya wuce kamar milimita 3 ba. Idan ya yi kauri, girgizar hanyar ƙauye za ta tsaga shi. Yana kuma shan damshi, don haka wanda aka shafa a kan tsatsa ko a bakin rami ba ya daɗewa. A zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura 40, mastik yana daskarewa cikin ƴan mintoci bayan an haɗa shi da maganinsa. Sai a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, a inuwa, da sassafe.

Guga, aikin da ba a ɗauka a hoto

Samfefa tana da lamba a bayanta, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Ana fara daidaita mastik da lamba 80, a bi da 180 don share zanen da ta farko ta bari. Bayan an fesa fentin ƙasa, wanda launi zai hau kansa, sai a goge da 320 ko 400, a ƙarasa da 600. Wanda ya tsallake lamba zai ga zanen a cikin sabon fenti. A naɗa samfefar a kan miƙaƙƙen katako, domin yatsu suna bin lotsawa ne, ba sa daidaita ta.

Akwai dabarar da masu sana'ar ke amfani da ita: a ɗan watsa baƙin fenti sama-sama a kan fentin ƙasa, sannan a goge. Inda baƙin ya rage akwai kwari, inda ƙarfe ya leƙo akwai tudu. Tafin hannu ma yana jin abin da ido bai gani ba.

Ba dole ne a kankare dukan tsohon fenti ba. Wanda ke manne da kyau, gugar sa kawai za a yi. Wanda ya tsattsage ko aka yi ta maimaita shi hawa-hawa, a sauke shi. Ƙarfen da aka tsiraita kuma kada ya kwana a buɗe, musamman da damina, don kafin safiya ya yi ja. Sannan a raba motar da maiƙo: ɗigon baƙin mai, man goge mota, har zufar hannu na hana fenti kamawa.

Lokaci ma yana da tasiri. Damina na kawo damshi, hunturu na kawo ƙurar da ke sauka kan ɗanyen fenti, bazara kuma na busar da shi tun bai kwanta ba. Tsakanin ɗaukewar ruwa da tasowar ƙura, wato wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ya fi sauƙi ga mai aiki a fili.

Gida ba gareji ba ne

Abin da ya fi fenti muhimmanci shi ne lafiyar mutanen gidan. Tsofaffin fentocin mota da yawa na ɗauke da dalma, kuma ƙurarta tana illa ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Kada a yi guga kusa da madafa, randar ruwa ko inda yara ke rarrafe. A shimfiɗa tamfol, a tattara ƙurar, mai aikin ya sa takunkumi mai kyau, ya canza tufa kafin ya shiga ɗaki. Ruwan tsinka fenti kuma yana kama wuta daga nesa, don haka a nisanta shi da murhu da taba.

Fentin zamani da ake haɗawa da maganin ƙarfafawa yana da sinadarin da ke iya jawo asma ta dindindin, kuma rawani ko ƙyalle ba sa tare shi. Madarar da wasu masu fenti ke sha bayan aiki ba ta wanke huhu. Saboda haka feshin ƙarshe ya fi dacewa a bar wa mai sana'ar, a wurin da ba gidan iyali ba.

Ga mai aiko da kuɗi daga waje

Ɗan ci-ranin da ba ya ganin motar da idonsa yana da hanyar kare guminsa. Ya raba kuɗin gida-gida: na inji da birki, na walda, na mastik da guga, sannan na fenti. Kada kaso na gaba ya fita sai ya ga bidiyon wanda aka gama, musamman hoton kowace walda tun ba a rufe ta ba, da na ƙarƙashin mota. Ya kuma ware na tayoyi, inshora da binciken lafiyar mota tun farko, domin sau da yawa a nan jari ke ƙarewa, motar ta koma ƙofar gida da sabon launi.

Ranar da za a kai ta wurin mai fenti, bashen da aka yi wa aikin kirki ba ta da kyan gani. Toka-toka take, babu fitilu, babu bamba, kayanta na cikin ledoji. Amma tana tashi da makulli ɗaya, birkinta na kamawa, mayen ƙarfe na manne mata daga gaba har baya. A yi ciniki da mai fenti kan irin fentin da yawan hawan da zai fesa, a kuma roƙe shi ya rage ɗan kaɗan a gwangwani, saboda ranar kasuwar farko ba za ta wuce ba tare da wani buhu ko ƙahon rago ya bar mata alama ba.